Kafin Asibiti Ya Sayi Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san kati. Da lambar katin nan ne ake nemo fayil ɗin marar lafiya. In kati ya ɓace, ko gara ta ci fayil, sai a koma tambaya daga farko. Wace cuta ce? Wane magani aka sha bara? Sau da yawa marar lafiya ba ya tunawa, likita kuma sai ya shiga lalube.

Shi ya sa ake son zuba bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta. A Kaduna, ƙetaren kogi ta kudu, akwai asibitin Gwamna Awan da na Saint Gerard a Kakuri, da asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya a Barnawa. Har daga ƙauyuka ake zuwa musu. Shugaban irin wannan asibiti ba ya wayar gari kawai ya sayo kwamfuta. Sai ya zauna da likitoci da nas-nas da akanta da mai ɗakin kati, a yi shawara.

Babbar magana ita ce wuta. Fayil na takarda ko da fitilar hannu ana karanta shi. Kwamfuta kuwa, da an ɗauke wuta ta yi shiru, ga layi har bakin ƙofa. Dole a tanadi janareta da mai, ko a kafa sola. Kuɗin wannan, da na gyara, da na intanet duk wata, yakan fi kuɗin sayen na'urar kanta. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ƙura ce za ta rufe masa kwamfutocin. Sai kuma koyar da ma'aikata, don in aikin ya yi musu wuya, biro za su koma wa.

Akwai maganar asiri. Mai zuwa Barnawa ba ya son maƙwabta su ji ciwonsa. A 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane, saboda haka tilas shugaba ya tsara wanda zai buɗe bayanin marar lafiya da wanda ba shi da izini.

Galibi akan fara da ɗakin kati ko wurin ba da magani, a ga kamun ludayin abin, ana kuma riƙe da takardu. Don haka mai zuwa asibiti ya ci gaba da adana katinsa cikin leda.