TAKARDAR SALLAMA BAYAN SHEKARU NA AMINCI: INA MA'AIKACI ZAI DOSA?

Duk wanda ya san ƙasar Gobir, tun daga Isa da Tozai zuwa Gatawa da Sabon Birni har kan iyakar Nijar, ya san cewa mai albashi a wannan yanki ba don cikinsa kaɗai yake karɓa ba. Malamin firamare, da ma'aikacin ɗakin shan magani, da malamin gona, da akawun ƙaramar hukuma, kowannensu akwai bakuna da yawa masu jiran ƙarshen wata a bayansa. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu bi da ke zaune a waɗannan garuruwa aiki ne ya kai su can, kuma da wannan ɗan albashi suke ciyar da iyali, su biya kuɗin makaranta, su aika wa tsofaffi a gida, su kuma kawo baiko ran Lahadi. Saboda haka ranar da aka miƙa wa irin wannan mutum takardar sallama bayan shekara goma sha biyar ko ashirin yana aiki tsakaninsa da Allah, gida guda ne ya girgiza, ikilisiya kuma ta ji a jikinta.

Abin da ya fi ciwo shi ne idan mutum ya san ba lalaci ko sata ne ya jawo masa ba, sara ne aka kai, ko kuwa ubangidansa ne ya sauka daga kujera, ko kuma ya ƙi sa hannu a kan takardar da ya san ƙarya ce. Wannan ita ce maganar da muka ga ya kamata mu zauna a kanta a wannan mako.

ABIN YA DAƊE

Korar ma'aikata rututu tana da tarihi a ƙasar nan. Bayan da Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki a watan Yulin 1975, an sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, har da alƙalai da malaman jami'a da manyan 'yan sanda. Babban Jojin Ƙasa na lokacin, Taslim Elias, shi ma bai tsira ba. Mutane da yawa a rediyo suka ji sunayensu, aka ce sun bar aiki nan take. Babu shakka akwai ɓarayi da malalata a cikinsu, amma an haɗa da masu gaskiya waɗanda abokan gaba suka rubuta wa takardun ƙara, ba a kuwa ba su damar kare kansu ba. Masana sun daɗe suna cewa tun daga wannan lokaci ma'aikacin gwamnati ya daina amincewa da gobensa, waɗansu kuma suka koyi tara abin da ba nasu ba don tsoron ranar kora.

A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake rage ma'aikata, ta kuma kafa Dokar Soja mai lamba 17, wadda ta ba hukuma ikon sallamar ma'aikaci, ta kuma hana kotu sauraron ƙararsa. Sai ga shirin tsuke bakin aljihu na Janar Ibrahim Babangida a 1986, darajar naira ta faɗi, kamfanoni suka yi ta rage hannu. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano da Gusau suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Kwanan baya kuma, a 2017, gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka kuma sallame su.

Mu a tsohuwar Jihar Sakkwato mun ga wani salo na daban. Da aka cire Kebbi a 1991, aka kuma cire Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, Isa ta zauna a Sakkwato, maƙwabciyarta Shinkafi ta koma sabuwar jiha, aka raba ma'aikata bisa ga asalin kowa. Wanda ya fito daga wata jiha mai nisa kuwa, sau da yawa a kan kwantiragi ake ɗaukarsa a jihohin Arewa, wato aiki na shekara ɗaya ko biyu da ake sabuntawa, ba fansho a ƙarshensa. Irin wannan ma'aikaci ba a ma bukatar korarsa, shiru kawai za a yi idan kwantiragi ya ƙare.

YADDA AKE ƘULLA ABIN

Ba mu ce duk wata sallama zalunci ce ba. Akwai lokacin da kuɗi ke ƙarewa da gaske, akwai kuma ma'aikatan bogi da ya wajaba a share sunayensu. Amma duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san cewa idan umarni ya sauko daga sama a rage mutum kaza, mutane ne za su zauna su rubuta jerin sunaye, mutane kuwa suna da abokai da maƙiya. A nan ne mai uwa a gindin murhu yake tsira, wanda ba shi da kowa ya tafi.

Yawanci abin a hankali yake farawa. Za a daina kiran mutum taro. Za a ɗauke masa aikin da ya saba a ba wani. Sai takardar tuhuma ta biyo baya a kan ƙaramin abu, a saka ta cikin fayil, ta kwanta tana jiran ranarta. Sai canjin wurin aiki zuwa inda aka san ba zai iya zama ba. Idan ya kasa zuwa, an sami hujja a rubuce.

Wannan mataki na ƙarshe ya fi nauyi a yankin Isa da Sabon Birni saboda halin da 'yan bindiga suka jefa jama'a. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi don gudun hijira. A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, a watan Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Idan sarki bai tsira a kan hanya ba, ina ga malamin makaranta mai hawa ɗan acaɓa zuwa ƙauye? Ma'aikacin da aka tura irin wannan wuri yana tsakanin wuta biyu, ya tafi ya sa ransa a haɗari, ya zauna a rubuta cewa ya gudu daga aiki. Muna roƙon shugabannin ofisoshi, Musulmi da Kirista, su ji tsoron Allah a kan wannan, kada tsaron da ya gagari hukuma ya zama sandar dukan talaka.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Da yawa daga cikinmu muna karɓar takardar sallama mu naɗe mu ce mun bar wa Allah, alhali kuwa doka ta ba mu ƙofa. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, wadda ta shafi leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye a ba shi sanarwar aƙalla wata guda a rubuce. Sashe na 20 ya ce idan rage ma'aikata za a yi, sai an sanar da ƙungiyarsu dalili, a kuma bi ƙa'idar wanda ya zo daga baya shi ne zai fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan a tattauna kuɗin sallama. Cikakken ma'aikacin gwamnati kuwa, dokokin aiki sun ce sai an tuhume shi a rubuce, an ji ta bakinsa, kafin a kore shi.

Dokar Soja mai lamba 17 ta tafi da mulkin soja a 1999. Yanzu akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙara wa ƙarfi. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, tana da ofis a kowane babban birnin jiha, ba a biyan ko kwabo don kai mata kuka. Wanda yake cikin sabon tsarin fansho na asusun ajiya, dokar 2014 ta yarda masa ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba.

Misalin da ya kamata mu tuna shi ne na malamai 49 na Jami'ar Ilorin da aka kora a 2001 saboda sun shiga yajin aikin ƙungiyarsu. Sun bi shari'a har Kotun Ƙoli, a 2009 aka yanke hukunci a mayar da su aiki a biya su albashinsu na baya. Shekara takwas ke nan, waɗansu ma ba su kai ranar ba. Darasin guda biyu ne: gaskiya tana iya yin halinta a kotu, amma sai mai takardu da mai haƙuri da wanda yake da jama'a a bayansa. Don haka kowane ma'aikaci ya adana takardar ɗaukarsa aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma, da amsar kowace tuhuma, ya ajiye kwafi a wurin ɗan'uwa a wani gari. Idan abu ya faru kada ya yi jinkirin neman shawarar lauya ko ƙungiya, domin akwai ƙararrakin da doka ta ƙayyade wa lokaci.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

Littafi Mai Tsarki ya san siyasar ofis sarai. A sura ta 6 ta Littafin Daniyel, sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120 da shugabanni uku a bisansu, ya yi niyyar ɗora Daniyel a kan kowa. Abokan aikinsa suka bincika aikinsa kaf ba su sami inda ya ci amana ba, sai suka ƙulla doka a kan addu'arsa. Ƙwazonsa ne ya jawo masa ƙiyayya. Haka Yusufu ya riƙe gidan Fotifar da aminci, ƙarya guda ta kai shi kurkuku, wanda ya yi wa alheri a can kuma ya manta da shi har shekara biyu.

Kada mu ruɗi juna cewa kowane mai gaskiya zai fito daga ramin zakuna da safe. Yahaya Mai Baftisma ya faɗi gaskiya, bai fito daga kurkuku da rai ba. Abin da muke da tabbacinsa shi ne Ubangiji yana ganin aikin da aka yi a ɓoye, kuma darajar mutum ba ta cikin fayil ɗinsa. Wanda aka zalunta yana da ikon neman haƙƙinsa, kamar yadda Manzo Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar, amma ba shi da izinin riƙe ɗaci ko neman ramuwa ta hanyar boka ko ƙage. Bulus ɗin nan kuwa da sana'ar ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Babu kunya ga tsohon akawu ya koma noman albasa a fadama, ko kiwon awaki, ko ɗinki.

Maganar Allah tana kuma da gargaɗi ga masu ɗaukar ma'aikata. Sura ta 24 ta Maimaitawar Shari'a ta hana danne ladan matalauci, ɗan ƙasa ne ko baƙo, wasiƙar Yakubu sura ta 5 kuma ta nuna cewa kukan ma'aikatan da aka hana haƙƙinsu yana kaiwa kunnen Ubangiji. Mai bi da aka sa a kwamitin rubuta sunaye ya tuna da wannan kafin ya ɗauki biro.

AIKIN IKILISIYA

Shari'a daga gida take farawa. Ikilisiyoyinmu ma suna ɗaukar ma'aikata: fastoci, masu bishara, malaman makarantu, masu gadi, ma'aikatan asibiti. Idan mai bishara ya yi shekaru a ƙauyen da ba wanda yake son zuwa, sannan aka ajiye shi don ya saɓa da wani dattijo, ba takarda, ba sallama, ba inda zai sa kansa, to da wane baki za mu yi wa gwamnati wa'azi? Kowace majalisar dattawa ta duba ko ma'aikatanta suna da takardar aiki, da tanadin tsufa, da hanyar kai kuka.

Bayan haka sai mu lura da wanda aka sallama. Sau da yawa yakan janye daga sujada don kunyar ba shi da abin sa wa a baiko, mu kuma mu yi shiru don ba mu san abin da za mu ce masa ba. Dattawa su je gidansa a makon farko. Zumuntar Mata ta duba tukunyar matarsa. Matasa su taya shi aikin gona idan hanya ta yi kyau. Wanda yake da shago ko mota ko injin niƙa ya tuna da shi idan yana neman hannu. Ikilisiya mai ƙarfi a birni ta ɗauki kuɗin makarantar 'ya'yansa ko da na zango ɗaya ne. A cikin Ayyukan Manzanni sura ta 6, da aka yi gunaguni a kan rabon abinci ga gwauraye, manzanni ba su tsaya ga addu'a kawai ba, mutum bakwai suka sa aka zaɓa don aikin. Mu ma muna iya kafa ƙaramin kwamiti da asusu domin wannan, tun kafin takarda ta gaba ta iso.

Ga waɗanda har yanzu suke kan kujera, a yi aiki da aminci, a guji kai sara, a koyi sana'ar hannu tun da sauran ƙarfi, a kuma zauna lafiya da maƙwabta Musulmi, waɗanda wannan annoba take ci kamar yadda take cinmu. Allah ya ta'azantar da waɗanda aka zalunta, ya buɗe musu ƙofa, ya kuma kawo salama a ƙasar Gobir baki ɗaya. Amin.