Me ke cikin suna? Yadda laƙabi ke ɗaukaka ɗan wasa, ko ya ɗaure shi

A industirin finafinan Hausa, sau da dama suna ne ke riga mai shi shiga gidan mutane. A da, tun kafin a saka kaset a bidiyo, mai kallo ya karanta sunan da ke jikin fosta, ya gama yanke wa ɗan wasa hukunci.

Dubi marigayi Rabilu Musa. Har Allah ya karɓi ransa a 2014, mutane ƙalilan ne ke kiran sa da sunan yanka. Ibro kawai! Da an ga sunan a fosta an fara dariya, ko da kuwa rol ɗin na kuka ne. Haka dattijo Usman Baba Pategi ya koma Samanja a bakin kowa.

To amma ba kowane laƙabi ne alheri ba. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta yi fice da sunan Biba Problem, kuma saboda yadda ta iya fitowa a masifaffiya, 'yan kallo da yawa suka ɗauka halinta ke nan a gida. Ga 'yar fim, wannan ba abin wasa ba ne, domin ranar da manemi ya fito, danginsa laƙabin za su fara bincika.

Wani lokacin kuma suna kan ƙulla zumuncin da babu shi. Shekara da shekaru ana rantsuwa cewa Ali Nuhu da marigayi Ahmad S. Nuhu wa da ƙane ne, alhali aminci ne da sana'a suka haɗa su.

Hatta rubutun sunan ma magana ne. Nafisa da Nafisat suna ɗaya ne, amma da Bahaushe ya ga “t” ɗin nan a ƙarshe sai ya ce ko Bayarabiya ce. Mohammed kan yi wa wasu kama da ɗan boko, Muhammad kuwa ɗan gidan malamai. Su Fati da Maryam sun yi yawa har sai an liƙa wa kowace sunan unguwa, gari ko fim. Hadiza Aliyu ita ƙasar haihuwarta ta ɗauka, ta zama Hadiza Gabon.

Don haka, sababbin shiga, a yi hattara da sunan da furodusa zai raɗa maku a lokeshin. Fim kan fita kasuwa ya wuce, amma suna linzami ne.