ƊARI YA SHIGO: A YI HANKALI DA TSOHON MURHU CIKIN ƊAKI

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ga ɗari ya kunno kai. Daga Dogon Kiriya har Dumega, cikin watan Disamba da na Janairu, iskar hunturu ba ta barin tsoho da jariri su yi barci. Mutanen Dallol Mawri sun san sanyin asuba. Don haka kowane gida shina neman abin jin ɗumi.

Ranar kasuwa a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, mutum kan samu tsohon murhun ƙarhe da araha. Wani irin Mai Sauƙi ne, murhun da anka hwara yaɗawa a Nijar cikin shekarun 1980 don a rage cin itace. Wani kuwa maƙeri ne ya ƙera shi da tsohon tano. Sayen tsoho ba laihi ba ne. Amma murhun da anka yi don tsakar gida, in ya shiga ɗaki ba dabara, shina iya jawo gobara ko mutuwa.

A DUBA KAHIN A BIYA

Ku ɗaga murhun sama, ku duba shi wajen rana. In haske ya ɓullo ta gindi, tsatsa ta ci shi, garwashi zai zubo. Ku aje shi ƙasa ku girgiza. In shina rawa, a kai ma maƙeri ya gyara ƙahwahunshi. Ku tambayi abin da tanon ya taɓa ɗauka. Tanon da anka zuba ma maganin ƙwari, ku bar shi ko da kyauta anka ba ku. In da penti a jikinshi, a hura mishi wuta sosai a hili har pentin ya ƙone ƙurmus, sannan a shigo da shi.

INDA ZA A GIRKA SHI

A jera tubali ko a zuba rairayi, a ɗora murhu bisa. Kada a ɗora shi bisa tabarma. A bar mitir 1, wato babban taki guda, tsakaninshi da gado, da zana, da buhun hatsi, da suturar da anka rataya. Gidan sauro ma shina iya kamawa. Kada murhu ya tare ƙohwa, don in wani abu ya hwaru a samu hanyar hita.

A ɗakin kara ko bukkar makiyayi, jinka tana kusa da kai, tartsatsi guda ya ishe ta. Nan gara a ji wuta a waje, bayan danga, nesa da rumbu, a kashe ta kahin a shiga kwana.

Mai ɗakin ƙasa da ke son murhu ya zauna ciki, ya sa maƙeri ya yi ma murhun marhi da bututun hayaƙi. Bututu ya bi ta bango, kada ya bi ta azara ko ciyawa. A liƙe kewayenshi da laka. Ya riƙa hawa sama har bakinshi ya wuce ruhin ɗaki. A gwada shi da rana: a hura ƴar wuta, a duba inda hayaƙi ke tsiyaya, a toshe. A riƙa kakkaɓe kunkunniya, don in ta taru tana toshe bututu, tana kuma kama wuta.

GUBAR DA IDO BA YA GANI

Wasu na cewa in itace ya zama garwashi, ba sauran haɗari. Wannan kuskure ne babba. Garwashi da gawayi suna hidda wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. In an ruhe ƙohwa da taga, sai ta taru cikin ɗaki, ta shiga jini, ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Da hwarko sai ciwon kai, da jiri, da amai, da mutuwar jiki. Mai barci kuwa ba ya jin kome, sai ya zarce.

In mutanen ɗaki guda sunka tashi duka da ciwon kai, kada a ce iskoki ne ko sammu. A hiddo su waje maza, a buɗe ɗakin, a kai su gidan likita ko da sun ce sun ji sauƙi.

Hayaƙin da ake gani ma ciwo ne. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum sama da miliyan 3 a duniya. Mata da yara ƙanana sun hi shaƙar shi, shina sa musu tari da ciwon haƙarƙari.

ABIN DA ZA A KIYAYE KULLUM

A ƙona busasshen itace, kamar sabara ko geza. Kada a sa leda ko tsohon takalmi. Kada a zuba esansi don wuta ta kama. A bar taga buɗe muddin da wuta cikin ɗaki. A aje tulun ruwa ko kwanon rairayi kusa. Kada a bar yaro mai rarrahe shi kaɗai da murhu. In yaro ya ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shahwa mai, ko toka, ko kashin shanu. A kai shi likita.

Babbar doka ita ce wagga: a ɗumama ɗaki da wuri, a hidda wuta kahin a kwanta, a ja bargo.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabta da matan gida wannan bayani. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shahwa ma naka ruwa. Allah ya raba mu da gobara, ya kai mu damina lahiya.