Dashen Haƙori: Mahaɗar da Ke Tsare Ƙashin Muƙamuƙi

A ƙasar Adar, inda tafiya ci-rani zuwa Abijan da Libiya da Najeriya ta daɗe da zama hanyar neman abinci, mutumin Afala ko Tawa da ya rasa haƙori yana iya samun dashe a wani babban birni, sannan ya dawo gida inda ƙwararren da ya yi aikin ya yi masa nisa. Saboda haka ƙirar abin da aka dasa masa ta shafe shi fiye da mazaunin birni.

Dashe ya bambanta da haƙorin Makka, wanda galibi sutura ce ta zinariya. Shi dashe gindi ne na ƙarfen titaniyom da ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura masa wuya da sukuru, kana a ɗora sabon haƙori a kai. Likita Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ne ya fara yi wa ɗan Adam irinsa a shekarar 1965, bayan ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe.

Raunin aikin yana mahaɗar gindi da wuya, inda akan sami tsagar da ido ba ya gani amma ta ishi ƙwayoyin cuta shiga, kuma tauna tana motsa wuyan har ta riƙa tura su ciki da waje. Daga nan dasashi ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da gindin ya fara zaizayewa. Tun 1986 Tomas Albrektsson da abokan aikinsa suka ƙayyade cewa bayan shekarar farko bai kamata zaizayar ta kai milimita 0.2 a shekara ba.

A tsohuwar ƙira wuyan yana zama ne a kan ɗan tudu mai kusurwa shida, tsayinsa milimita 0.7, shi ya sa yake saurin motsi. Daga baya aka mayar da mahaɗar cikin gindin, sannan aka ari dabarar Stephen Morse ta 1864, wato wuya mai tsukewa da ke ƙara kamewa idan an danna shi, kamar yadda ruwan gatari ke ƙara zama a ƙota da kowane sara. Gwaje-gwaje sun nuna babu ƙirar da ke toshe tsagar sarai, amma mai tsukewar ta fi rage yoyo, kuma ƙashi ya fi tsira idan wuyan ya fi gindin siranta, domin hakan yana nisanta tsagar daga bakin ƙashi.

Wajibi ne mai neman dashe ya tambayi irin mahaɗar, ya kuma karɓi sunan kamfanin da lambar dashen a rubuce, tunda sassan wani kamfani ba kasafai suke dacewa da na wani ba. Bayan haka sai tsaftar baki kullum, da barin taba, da kula da ciwon suga, domin ƙira mai kyau ba ta tsare ƙashin da aka bar wa dauɗa.