Cokalin Man Zaitun Ba Ya Wanke Hanta

Magana ta karaɗe gari, daga shagunan magungunan Musulunci har majalisun hira, cewa duk wanda hoton asibiti ya nuna kitse ya taru masa a hanta, ya riƙa shan cokali biyu na man zaitun kullum kafin ya karya. Wai kitsen zai narke, kuma mutum zai yi tsawon rai. Masu faɗin haka mutanen kirki ne, da kyakkyawar niyya suke faɗa. Zaitun bishiya ce da Alƙur'ani ya ambata da albarka, hadisi kuma ya kwaɗaitar da cin man da shafa shi. Ba wannan nake ja da shi ba. Inda na saɓa da 'yan uwana shi ne ɗora wa man aikin da nassi bai ɗora masa ba, binciken likitoci ma bai tabbatar ba.

Sunan man zaitun ya fito a duniyar likitanci tun binciken ƙasashe bakwai da Ancel Keys ya soma a 1958, inda aka ga manoman tsibirin Kirit na ƙasar Girka ba su cika mutuwa da ciwon zuciya ba. To amma waɗannan mutane ba man kaɗai suke sha ba. Abincinsu wake ne da ganye da kifi da hatsi, nama sai jefi-jefi, ga wuni a gona da tafiyar ƙasa. A Sifaniya ma, binciken PREDIMED da aka fitar a 2013, aka sake fitar da shi da gyara a 2018, ya bi mutane sama da 7,000, ya samu raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin ɗari. Su ma a cikin girki irin na mutanen Bahar Rum suka ci man.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rahoton masanan Jami'ar Harvard na 2022. Sun bi mutane fiye da 90,000 tsawon shekara 28, suka ga masu cin sama da rabin babban cokali a rana haɗarin mutuwarsu a wannan tsakanin ya ragu da kashi 19 cikin ɗari. Amfanin ya fito fili ne idan man zaitun ya maye gurbin bota da mayonis da makamantansu. Da aka kwatanta shi da sauran man tsirrai, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Wannan albishir ne ga mai man gyaɗa a kicin wanda aljihunsa bai kai na zaitun ba.

Ita kuwa hanta, kitse na taruwa a cikinta ne idan abin da ke shiga jiki ya fi abin da jiki ke ƙonawa, musamman ga mai teɓa ko ciwon suga. Hanta da kanta tana juya sukarin lemon kwalba ya koma kitse. Babban cokali ɗaya na man zaitun yana ɗauke da kalori kusan 120. Wanda ya sha biyu da safe, ya bi da shayi mai kauri da burodi, ya ci shinkafa da rana, ya kora da lemo, ƙari ya yi wa hantarsa. Abin da likitoci suka tabbatar yana rage kitsen shi ne zubar da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, da motsa jiki, da rage sukari, da nisantar barasa.

Akwai kuma abin da ke tayar min da hankali. A ƙasarmu ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma yakan shafe shekaru yana cin hanta ba tare da alama ba. Mutumin da aka ce hantarsa na da matsala, ya koma gida ya rungumi kwalbar zaitun bai yi gwajin jini ba, zai iya rasa lokacin da magani zai yi masa amfani. A zuba man a kwaɗon zogale ko dafaffen wake maimakon wani man, wannan daidai ne. Amma a fara zuwa a yi gwajin.