Kayan Mamacin da Ba a San Magadansa Ba

A birane irin su Kano da Kaduna, inda baƙi da 'yan cirani ke kama ɗakin haya shekara da shekaru ba tare da mai gida ya san asalinsu ba, yakan faru ɗan haya ya rasu ya bar kaya a ɗaki, alhali babu wasiyyi, wato wanda mamaci ya ɗora wa kula da dukiyarsa, kuma babu magajin da ya bayyana. Matsayin mai gida a nan na mai riƙon amana ne, domin mallakar ginin ba ta ba shi iko da abin da ke ciki, ko da kuwa yana bin mamacin kuɗin haya.

Abin da ya kamata shi ne a kira mai unguwa da shaidu, a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, a kulle ɗakin, a yi cigiya a masallatai da rediyo da wajen 'yan garin mamacin, sannan a kai maganar gaban alƙali. Shi ne ke da ikon naɗa amintacce, da ba da izinin sayar da abin da zai lalace, kamar hatsi ko dabba, a ajiye kuɗin. Idan mamacin Musulmi ne, sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya sanya gado da wasiyya cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, abin da ke nuna cewa fiƙihu ne ke hukunci. A fiƙihu kuwa, ana fara fitar da kuɗin jana'iza daga tarika, wato dukkan abin da mamaci ya bari, sai basussuka, sai wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kafin a zo kan magada. Kuɗin haya bashi ne da sai an tabbatar da shi a kotu, saboda haka mai gidan da ya ɗauke keken ɗinki ko talabijin da sunan biyan kansa ya shiga haƙƙin sauran masu bin bashi.

Idan cigiya ta ƙare babu magaji, asalin mazhabar Malikiyya shi ne dukiyar ta koma baitulmali, amma malamanta na baya sun yarda a ba dangi na nesa, irin su ɗan 'ya ko kawu, idan babu baitulmali mai tsari. Wanda ba Musulmi ba kuwa, ana iya kai batun dukiyarsa ofishin babban mai kula da dukiyar mamata da ke Ma'aikatar Shari'a ta jiha, kuma a dokar da aka gada daga Ingila, duk wanda ya sa hannu a kayan ba da izini ba, magada da masu bin bashi na iya gurfanar da shi kan abin da ya taɓa.