Me ya sa ba a cika tankin gas har wuya?

Yau manyan tankunan masana'antu za mu leƙa, musamman na ajiyar gas ɗin girki.

Idan ka taɓa ganin hoton matatar mai, za ka lura tankunan iri biyu ne. Akwai masu faɗi kamar gwangwanin madara, na fetur ne da ɗanyen mai. Akwai kuma masu kama da ƙwallo a kan ƙafafu, to su ne na gas. Abin da ke cikinsu ruwa-ruwa ne, matse shi aka yi da ƙarfin tsiya. Furofen, ɗaya daga cikin sinadaran gas ɗin girki, yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili. Ka ga ke nan a zafin garuruwanmu kullum neman komawa iska yake, ƙarfe ne kawai ya tare shi. Ƙwallo kuwa ba shi da kusurwa, sai matsin ya rarrabu daidai a jikinsa.

Ba a cika irin wannan tanki, ana tsayawa ne a wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100. Ba ha'inci ba ne fa. Ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi, kuma idan bai samu fili ba, ƙarfen zai tura har ya tsage.

Amma ga inda abin yake da ban tsoro. Filin nan na sama shi ne lagon tankin idan gobara ta tashi. Kun san tukunya a kan murhu, muddin da ruwa a ciki ba ta ƙonewa, ruwan ne ke shanye zafin. Haka tanki yake. Ɓangaren da ruwan gas ke taɓawa yana samun sanyi, na sama kuwa babu mai cetonsa. Wuta na lasarsa, ƙarfen na laushi, matsi na ƙaruwa a ciki. Da zarar ya tsage, ruwan gaba ɗaya zai tafasa lokaci guda, kuma lita 1 tana zama kusan lita 270 ta iska. Injiniyoyi na kiran wannan fashewa BLEVE. Shi ya sa za ka ga 'yan kwana-kwana suna ta kwarara wa jikin tanki ruwa, sanyaya ƙarfen suke yi.

An ga wannan a San Juanico, kusa da birnin Meziko, ranar 19 ga Nuwamba 1984. Ma'ajiyar gas ce ta kamfanin Pemex mai tankuna 54, shida daga ciki masu siffar ƙwallo. Da asuba wani bututu ya fashe, gas ya bazu ƙasa-ƙasa don ya fi iska nauyi, har ya tarar da wuta. Daga nan tankuna suka dinga fashewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ɓaraguzan ƙarfe suka faɗa a nisan fiye da kilomita 1. Mutum kusan 500 suka rasu, dubbai suka ƙone. Abin da ya ƙara yawan mamatan shi ne gidaje sun matso dab da wurin, kuma yawanci mutane na barci. Ni dai duk sa'ad da na ga wurin sayar da gas a tsakiyar unguwa, katanga ɗaya da gidaje, labarin nan nake tunawa.

Yauwa, tukunyar gas ɗin da ke kicin ɗinku ma ƙaramin tanki ce, dokar ɗaya ce. Idan mai cikawa ya ce zai ƙara maka sama da kilon da aka rubuta a jiki, kar ka yarda, filin nan yake cinyewa. Kar a bar ta a rana ko kusa da murhun gawayi. Idan kuma kun ji wari, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kar a taɓa makunnin lantarki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.